Gidan Baƙin Katako a Tsallaken Kogi

Tunda na dawo daga Guangzhou ban huta da tambaya ba. A shago a tambaye ni, a gidan biki a tambaye ni, har matan layinmu a kasuwar Kwari sun fara kirana Hajiya 'Yar China. Abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne hoton da na ɗora a waya, na wani farin gida mai baƙaƙen katakai a jikinsa, ga ni tsaye a ƙofarsa riƙe da jaka. Wasu suka ce wannan ba China ba ce, Turai na zarce na ɓoye musu. To ga yadda abin ya kasance, zan faɗa tun daga farko, wadda ta sake tambayata sai in miƙa mata ta karanta.

Sana'ata labule da zannuwan gado. Na daɗe ina saro kaya a hannun masu zuwa, sai bana na ce bari in taka da ƙafata in ga inda ake yin su, na daidaita tafiyar da lokacin babban baje kolin da ake yi a Pazhou. Ban taɓa fita ƙasar waje ba in ban da aikin Hajji, kuma can cikin jama'armu muka je muka dawo. Saboda haka na tashi daga Kano da tsoro cike da cikina. Fasfona na ɗinka masa aljihu na musamman a cikin rigata ta ciki, duk bayan ɗan lokaci sai na taɓa in ji yana nan.

A Addis Ababa muka sauka don canjin jirgi. Ina zaune ina jiran kira, wata mata doguwa, fara, da lalle har gwiwar hannu, ta zo ta zauna kusa da ni duk da kujeru a fili ko'ina. Ta yi sallama, ta leƙa takardar jirgin da ke hannuna, ta tambaye ni ko daga Kano nake. Na ce eh. Ta sake tambaya ko cikin birnin Kano ɗin ko ƙauye. Na amsa a taƙaice, na janyo jakata kan cinya. Ta ce sunanta Hajiya Rakiya, daga Maraɗi, takalman mata take saye, kuma ta yi zuwa China fiye da yadda za ta iya tunawa. Hausarta irin ta can ce, "mi" da "wagga", tana yi tana jefa Faransanci. Ta ba ni dabino na karɓa, amma ban ci ba, na ƙulle a bakin mayafi.

Saukarmu Guangzhou aka jera mu a layi, aka ɗauki yatsunmu a na'ura, wani matashi mai kaki ya kalli fuskata ya kalli fasfo har sau uku, ya yi mini alama in ɗan ja mayafi baya ya ga kunnena. Wannan duk da sauƙi. A wajen kwastam ne wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna daram a gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka buɗe, aka zaro kilishin da na ƙulle cikin jarida da leda biyu. Na yi ta bayani da Hausa da ɗan Turancina cewa abinci ne, suka yi ta gyaɗa kai cikin ladabi, suka jefa shi a wani kwando. Daddawa kuwa jami'ar da ta sunsuna ta ja da baya, ta kira abokiyar aikinta ita ma ta sunsuna, suka yi shawara, daga baya suka maido mini abata. Ina ganin ba su san sunan da za su rubuta mata ba ne.

Masauki wani ɗan garinmu da ke zaune a can ya ce ya kama mini a unguwar Sanyuanli. Na isa da tasi, na nuna wa yarinyar da ke kan tebur sunana, ta duba ta girgiza kai ta ce "meyo". Ita ce kalmar Sinanci ta farko da na koya, ma'anarta babu. Na kira mutumin, wayarsa a kashe. Na ja akwati zuwa otal na gaba, meyo. Na gaba da shi ma meyo, baje koli ya cika gari. Zafin garin irin mai ɗanko ne, gumi ba ya bushewa, ga babura masu lantarki suna wucewa ta gefenka babu ƙara. Na samu dakalin wani shagon taliya na zauna, ina tunanin abin da ya rabo ni da shagona.

Ina nan zaune sai na ji an ce, "Hajiya, mi ya faru?" Rakiya ce. Yadda aka yi ta gan ni a cikin wannan cinkoso ban sani ba, kuma har yau ban gama yarda cewa katari aka yi ba. Na gaya mata halin da nake ciki. Ta ce ita ba ta sauka a otal, akwai wata tsohuwa a tsallaken kogi da take ba ta ɗaki duk zuwa, kuma akwai gado na biyu. Na tambaye ta tsohuwar Musulma ce? Ta ce a'a. Na ce da maza a gidan? Ta ce ɗanta yana zuwa da rana, amma ba nan yake kwana ba. Na dubi rana ta fara karkata, na dubi akwatina. Na kira maigidana Alhaji a gida na faɗa masa sunan matar da garinsu, da ƙarfi yadda za ta ji, sannan na ɗauki hotonta a gabanta na tura masa. Dariya kawai ta yi, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce in sake ɗauka, na farko bai yi kyau ba.

Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muka canza wani, muka fito bakin kogi muka hau jirgin ruwa tare da masu kekuna da masu kwandunan kifi. Can tsallake unguwa ce da ake kira Fangcun. Muka ratsa dogayen benaye, muka shiga wani lungu, muka fita wani, ina ƙirga kwana a raina don in san hanyar gudu. Sai ga katanga mai gansakuka da ƙofar ƙarfe kore. Rakiya ta tura.

Ban taɓa ganin gini irinsa ba. Mu a tsofaffin gidajen cikin birni azara a ɓoye take a cikin ƙasa, sai ka ɗaga kai a ɗaki kake ganinta. Shi wannan an bar masa haƙarƙarinsa a waje. Bangon fari fat, baƙaƙen katakai sun ratsa shi a tsaye da a kwance, wasu a gicciye, rufinsa mai tsini kamar hula. Hawa biyu ne, da tagogin katako masu marufi. Benayen da suka kewaye shi sun yi masa rumfa, ya zama kamar tsoho a tsakiyar samari. Da na ga katakan nan a gicciye na tsaya cak, na ce wa Rakiya coci ta kawo ni. Ta rantse gida ne. Ta ce wani Bature ne ya gina shi irin na garinsu tun zamanin da jiragen ruwansu ke tsayawa a bakin kogin, da ya tafi gidan ya koma hannun kakan mijin tsohuwar, kuma zuriyarsu ce a ciki har yau. Ta nuna mini wani allon ƙarfe da hukuma ta manna a jikin bango, ta ce saboda shi ba a rushe gidan ba, amma ko ƙusa ba su da ikon bugawa sai da izini.

Tsohuwar tana cikin lambu, tsugune da 'yar fartanya. Ƙarama ce, gashinta fari an yanke shi daidai kunne. Rakiya tana kiranta Apo, wato kaka, ni ma haka na kira ta har na bar gidan. Suka gaisa da Sinanci. Na ji Rakiya ta ce "Kano". Tsohuwar ta saki fartanya ta miƙe, ta zo daf da ni tana kallon fuskata kamar mai neman wani abu da ya ɓata a ciki. Ta maimaita, "Kano." Sannan ta miƙo hannu ta ce wani abu, Rakiya ta ce fasfona take so.

Na ce wallahi ba zan bayar ba. Rakiya ta yi mini bayani cewa doka ce, duk baƙon da ya sauka a gidan mutane sai an kai sunansa ofishin 'yan sanda. Na ce to a kai ni da ƙafata, fasfo yana jikina. Aka kira ɗan tsohuwar, ya zo da mota. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, da tabarau, bai amsa gaisuwata ba. Rakiya tana ce masa lawban, yadda ake kiran mai shago. A mota ya yi ta yi wa uwarsa faɗa a waya, ko ba ka jin yaren ka san faɗa ne. A ofishin aka duba, aka buga hatimi a wata 'yar takarda, aka maido mini fasfona. Maganar Rakiya gaskiya ce ke nan. Amma na lura lawban ya ɗauki hoton shafin fasfon da wayarsa, kuma ba wanda ya sa shi.

Ɗakinmu a sama yake. Benen katako ne, kowane taki sai ya yi kuka, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, don ba mai hawowa ban ji ba. Duk da haka kullum sai na tokare ƙofa da akwati. A banɗaki kuma na tarar da buta. Ba kwano ba, ba roba ba, buta irin tamu mai ratsin kore da fari. Na ce wa Rakiya tata ce? Ta ce nan ta same ta.

Abinci shi ne ya fi ba ni wahala. Kwana biyu garin kwaki da ƙuli-ƙuli nake jiƙawa a ɗaki, in muka shiga gari kuma in ci taliyar Musulmin China masu farar hula, waɗanda ke jan ƙullun da hannu a gabanka. Apo tana lura. Duk safiya sai ta kawo mini ruwan zafi zalla a kofi, su haka suke sha ko ana zafin da ya fi na Kano, ni kuma in faki idonta in zuba wa wata shuka a bakin taga. Rana ta uku ta kamo hannuna ta ja ni kicin. Ta hau kujera ta sauko da wani kwali daga saman kabad, ta buɗe. Tukunya ce da kasko da wuƙa da faranti biyu, a nannaɗe da jarida. A jikin kwalin an rubuta halal da Larabci, rubutun wanda ya yi makarantar allo. Ta nuna nata tukwanen ta girgiza hannu, ta nuna waɗannan ta nuna ni. Ta dafa mini kifi da citta da farar shinkafa a gabana, ina tsaye ina kallon duk abin da ta zuba. Na ci. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina ci ina tambayar kaina wane ne ya yi rubutun nan, kuma ina ya tafi ya bar tukwanensa.

Lambun ya ƙara mini wasiwasi. Ba shi da girma sosai, amma babu tafin hannu guda da ba a shuka ba. Akwai ayaba, gwanda, wani kabewa mai gashi da ke hawa kan katanga, da ɗan tafki mai jajayen kifaye. A tsakiya akwai babbar bishiya da ta girmi duk wanda ke gidan, 'ya'yanta kamar kanya amma da ɓawo, Rakiya ta ce sunansu idon dodo. A gindinta Apo take kunna tsinken turare kowace safiya a gaban hoton mijinta, ta ajiye masa lemo da shayi. Ni dai in na zo wucewa sai in yi ta'awizi in kauce. Wata safiya na zagaya bayan gida neman inda zan shanya mayafi, sai na ci karo da zogale. Kusa da shi rama ce, layi biyu, an kafa mata sanduna. Na tsinki ganye na murza na sunsuna don in tabbatar. Na juya, ashe Apo tana bayana. Ta nuna shukar ta ce, da bakinta, "Lama."

A ranar a Canaan muka yini, kasuwar tufafin da mutanenmu suka fi shiga, hawa kan hawa, ko'ina ka juya Hausa kake ji, ta Kano da ta Yamai da ta Kumasi. Washegari muka je Pazhou, inda na yi tafiyar da ban taɓa yi ba a cikin gini ɗaya, aka rataya mini kati a wuya, 'yan mata suna ta cusa mini katunan masana'antu. Na samu labulen da nake so, na koyi cewa in mai kaya ya danna maka lamba a na'urar lissafi, ka girgiza kai ka juya baya tukuna. Amma hankalina yana kan ramar nan. A jirgin ruwa muna komawa na tsare Rakiya. Na ce ta faɗa mini gaskiya, me ake nufi da ni a gidan nan, in ba haka ba yau zan kwashe kayana ko a masallaci ne in kwana.

Sai da ta bari muka kai tsakiyar kogi. Sannan ta ce Apo tana da 'ya mace, Ling, autarta. Ta yi aiki a wani shagon kayan waya, ta haɗu da wani Bakano, ta musulunta suka yi aure. A ɗakin da muke kwana suka zauna. Shi ya shuka ramar da zogalen, shi ya yi rubutun jikin kwali. Uban Ling bai so ba, wanta lawban ya fi shi ƙi. Da takardun mijin suka ƙare ya koma gida, Ling ta bi shi da ciki. Bayan tafiyarta uban ya rasu, wan bai sanar da ita ba sai da aka gama komai, ya kuma aika mata da cewa baƙin cikinta ne ya kashe shi. Tun daga nan Ling ta sauya lambar waya. Apo ba ta iya karatu sosai ba, wayarta ma ɗan ne ke saita mata, kuma ya ce ba ruwansa.

Na ce to ni mene ne nawa a ciki? Ta ce ita jirginta Yamai yake sauka, ba ta shiga Kano, kuma ta daɗe da yi wa tsohuwar alkawarin za ta kawo mata 'yar Kano.

"Ke nan tun a Addis kika zaɓe ni," na ce.

"Tun a Addis," ta ce. "Na ga ke dattijuwa ce. Amma otal ɗinki ba ni na hana ki ba, Hajiya, wannan Allah ne."

Wani ɓangare na zuciyata ya yi sanyi, wani ɓangaren kuma ya ce ai duk mai son ya yi amfani da kai da labari mai ban tausayi yake farawa. Ban taɓa ganin Ling ɗin nan ba. Hoton da Apo ta nuna mini da yamma, na wata yarinya da hijabi kusa da wani dogon saurayi a gindin bishiyar, zai iya zama na kowa.

Ana jibi zan tafi lawban ya tare ni a bakin ƙofar lambu. Ya yi magana a cikin wayarsa ya juyo mini da ita, ta fassara da Turanci, Rakiya ba ta kusa, na haɗa abin da na gane. Cewa yake uwarsa ta tsufa, kada in karɓi komai daga hannunta, ƙanwarsa ta san hanyar gida. Ya mayar da wayar aljihu ya wuce. Na rasa yadda zan ɗauki maganar. Ko mugun ɗa ne yake son raba uwa da 'ya, ko kuma ya san wani abu game da abin da za a ba ni.

Ranar tafiyata da hantsi, na gama ɗaure kaya, Apo ta hawo benen da kanta, tana hutawa a kowane taki. Ta ajiye wani abu a kan gadona, a ƙulle cikin jan ƙyalle. Gwangwani ne irin na biskit, an zagaye murfinsa da salatif. Rakiya ta ce saƙon Ling ne.

Duk wanda ke wannan hanya ya san abu ɗaya, ba a karɓar saƙo. A unguwarmu akwai gidan da har yau suke jiran ɗansu, wanda aka ba wa kwalin da aka ce sabulu ne a wani filin jirgi. Na tuna hoton fasfona da ke cikin wayar lawban. Na tuna ɗan karen nan mai dogayen kunnuwa. Na ce sai an buɗe. Apo ta sa farce ta ɓare salatif ɗin a hankali. A sama busassun 'ya'yan bishiyar lambu ne, an cire musu ɓawo. Ƙarƙashinsu wasu saiwoyi da jajayen 'ya'yan itace ƙanana. Sai takalman jariri na saƙa. A can ƙasa kuma leda biyu cike da farin gari, lukui, babu rubutu ko ɗaya a jiki.

Na ja da baya. Rakiya ta tambayi tsohuwar, ta ce garin saiwar wani furen ruwa ne, ana dama shi kamar koko. Apo ta lakato da yatsa ta sa a bakinta don in gani. Rakiya ta ce to in bar garin in ɗauki sauran, ko in sa gwangwanin cikin kayana da za su biyo jirgin ruwa. Na ce kayan ma sunana ne a jiki. Saiwoyin nan ban san su ba, 'ya'yan itacen ban ga lokacin da aka shanya su ba, takalman ma ban san abin da ke cikin saƙar ba. Na ce ta ba ta haƙuri, ina da 'ya'ya da jikoki, ba zan ɗauki ko tsinke ba.

Rakiya ta faɗa mata. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi fushi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta mayar da komai yadda yake, ta rufe, ta ƙulle jan ƙyallen. Ta ce mini "she-she", wato na gode, ban san na mene ne ba. Muka sauko tare, ina bayanta da akwati. Ta buɗe wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene don ta ajiye gwangwanin, idona ya faɗa ciki. Kan kanta akwai irinsa a jere, kowanne cikin jan ƙyalle, na can ƙarshe har jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Rakiya ta ce mini a hankali duk shekara in bishiyar ta yi 'ya'ya sai ta haɗa sabo.

Na tsaya da akwati a hannu. Amma ban canza magana ba. Abin da na yi kawai, na ɗauki hoton wata tsohuwar takarda da ta nuno mini mai sunan surukin nata, na ɗauki gidan ta gaba da ta baya, da lambun, da ita kanta a gindin bishiya. Ita kuma ta karɓi wayar ta ɗauke ni a bakin ƙofa, shi ne hoton da kuka gani.

Na dawo Kano lafiya. A filin jirgin can ba wanda ya ko buɗe akwatina. Na yi sati uku ina cewa gobe zan nemi surukin Apo, ina fasawa, don ina tsoron in je in tarar babu wani mai wannan suna, ina kuma tsoron in tarar akwai. Ranar da na shiga kasuwar 'yan waya ban yi tambaya uku ba aka ce, ai mai matar China, ga shagonsa can. Ya yi ƙiba, amma shi ne na cikin hoton. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya ce shi ba zai ce komai ba, in je gida in same ta, in ta ga dama ta saurare ni.

Gidan yana wajen Naibawa. Ling ta fito da hijabi har ƙasa, maƙwabta suna ce mata Maman Hanan. Ba ta ba ni wurin zama ba da farko. Da Hausarta mai ɗan karkata ta tambaye ni wa ya aiko ni, wanta ne? Ya aka yi na san gidansu? Me nake so a ba ni? Yadda take kallona na gane shi sarai, irin kallon da na yi wa Rakiya ne. Ban yi dogon bayani ba, na buɗe waya na miƙa mata.

Ta daɗe a kan hoton gidan. Ta ja shi da yatsu biyu ta ƙara girman tagar sama, ta ce marufin hagu har yanzu ba a gyara ba. Da ta zo kan uwarta a gindin bishiya sai ta zauna a bakin baranda, ta ja mini tabarma da ƙafa ba tare da ta ɗago ba. Ta tambaya ko tana hawa bene da kanta, na ce tana hawa. Ta tambaya ramar tana nan, na ce layi biyu. Can ta ɗago ta dube ni.

"Ba ta ba ki komai ki kawo mini ba?"

Da na so da na ce kwastam sun ƙwace, ba mai ƙaryata ni. Na ce ta ba ni, ni ce na ƙi ɗauka. Na lissafa mata abin da ke ciki, har farin garin, na kuma gaya mata na ga wasu gwangwanayen a ƙarƙashin bene. Ta ce saiwoyin na miyar mai jego ne, garin kuma shi ake fara ba wa yaro in za a yaye shi. A lokacin wata yarinya ta shigo da kayan makaranta, doguwa, ta kusa kai kafaɗar uwarta, ta durƙusa ta gaishe ni. Ita ce mai takalman.

Na ba Ling haƙuri. Ta ce ba komai, ita ma da ita ce ba za ta ɗauka ba. Na ba ta lambar Rakiya, na ce in ta koma za ta iya riƙe wa Apo waya ba tare da wan ya sani ba. Ta rubuta, amma ba ta ce za ta kira ba, ni ma ban matsa mata ba. Ta tambaye ni yaushe zan koma, na ce in Allah ya kai mu baje koli na gaba.

Bayan kwana huɗu ta zo shagona da kanta, ta ajiye wata 'yar jaka a kan tebur ta ce na Apo ne, in zan iya. Na buɗe a gabanta. Hotunan Hanan ne tun tana jaririya har zuwa bana, da wasiƙa da manyan baƙaƙe yadda tsohuwa za ta iya bi, da ɗan ƙullin irin rama. Na zazzage jakar, na juya cikinta waje, na shafa ɗinkin, na ce ta karanta mini wasiƙar da Hausa. Ta karanta a tsaye, layi biyar ne, a na huɗu muryarta ta tsaya sai da ta jira. Irin ramar na maida mata, na ce wannan kare zai kama. Sauran na sa a akwatina na kulle.